Ƙasimu Najjar, Mai Bindigogin Katako na Ƙurban

Haihuwa da asali

An haifi Malam Ƙasimu ɗan Usmanu a birnin Madina a shekarar 1347 ta Hijira, daidai da 1928. Sunan mahaifiyarsa Ƙaltume. Mahaifinsa yana ɗan saurayi aka yi yaƙin Burmi a 1903, inda sojojin Nasara suka karya masu hijira zuwa gabas, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira suka ratsa Sudan a ƙafa, shekara da shekaru, har suka iso Hijaz. Lokacin da aka buɗe wa mazauna ƙofar karɓar takardar zama ɗan ƙasa, Malam Usmanu ya ƙi zuwa, yana cewa shi baƙon Manzo ne, baƙon Manzo kuwa ba ya neman hatimin kowa. Wannan taurin kai, Allah Ya gafarta masa, shi ya bar zuriyarsa a kan iƙama, wato izinin zama na baƙo da ake sabuntawa ƙarƙashin kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo.

Karatu, sana'a da iyali

Ƙasimu ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, sannan ya koyi aikin katako har ya shahara wajen yin ƙofofi da makarar ɗaukar gawa, abin da ya sa ake ce masa Najjar, wato kafinta da Larabci. A 1372 ya auri Rakiya, 'yar wani malami mutumin Damagaram, suka zauna a unguwar Ƙurban. Kafilinsa shi ne Shehu Abdussamad, ɗan kasuwa mai asalin Hausa wanda iyayensa suka karɓi takardar ƙasa. Duk wanda ya san Ƙasimu ya san burinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoye shi: ya mutu a Madina a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Nijeriya kuwa, wadda fasfo ɗinta ke aljihunsa, bai taɓa taka ta ba.

Wasan Burmi

Bayan rasuwar mahaifinsa a 1391, wato 1971, ya ga jikokin mutanen Burmi sun fara amsa Hausa da Larabci, balle su san abin da ya kawo kakanninsu. Sai ya soma tara jama'a a wata gonar dabino bayan Ƙurban, kowace shekara bayan tafiyar alhazai, suna kwaikwayon yaƙin yadda ya ji shi daga bakin tsohon. Ya tayar da guntuwar ganuwa ta laka, ya sassaƙa baka da masu, ya kuma ƙera bindigogi da katako da bututun famfo, ya shafe su da baƙin fenti da mai har mai gani daga nesa zai rantse na gaske ne. Ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya suna zuwa su tsaya a cikin ganuwa. Matsayin sojan Nasara kuwa babu mai so, don haka ya tilasta wa 'ya'yansa maza, Sabo da Badaru, sa kaki da jar dara.

Mutum ne mai tsanani a kan ƙa'ida. Bai yarda a canza ƙarshen yaƙin ba ko don daɗin 'yan kallo, dole mutanen ganuwa su faɗi. Da ɗalibai suka nemi a kwaikwayi yaƙin Uhudu, ya hana, ya ce bai ga wanda ya isa ya tsaya a madadin sahabi ba.

Shekarar 1400

A ranar farko ta Muharram 1400, wato Nuwamba 1979, wasu mutane ɗauke da makamai suka mamaye Haramin Makka da da'awar Mahadi. Tsoro ya game ƙasar, aka kafa shingen bincike a hanyoyin Madina, aka shiga raɗe-raɗin za a bi gidajen baƙi. Ƙasimu ya daina cin abinci. A ɗakin ajiyarsa ga bindigogi jibge, ga fararen tutoci, ga shi kuma tsofaffin unguwa sun san cewa a cikin mutanen Burmi akwai masu zancen Mahadi. Ƙonawa ba ta yiwuwa, domin wuta za ta ci katako ta bar bututun ƙarfe, abin da ya fi muni. Rakiya ta ba shi shawara ya kai su wa hukuma da hannunsa ya yi bayani, amma ya ji tsoro.

Dabarar da ta zo masa ta fito ne daga sana'arsa. Ya ɗauko makarar mata, wadda ake yi wa rumfa a lulluɓe, ya jera bindigogin a ciki, da nufin shi da 'ya'yansa da abokinsa Ɗan'inna su kai su wata busasshiyar rijiya a gonar. Lissafinsa shi ne babu sojan da zai yaye lulluɓin gawar mace. Ya zaɓi hantsi, lokacin da maza ke wurin aiki. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya tsufa yana ƙera makara ya manta cewa a Madina ba a ganin jana'iza a bar ta ta wuce. Kafin su kai bakin titi, masu shaguna sun fito suna karɓar kafaɗa don neman lada, aka ture 'ya'yansa gefe, kuma da yake kowa ya san inda ake sallar gawa, jama'a suka juya da makarar arewa, suka nufi Masallacin Manzo.

Ƙasimu ya bi su a baya, mutane na yi masa ta'aziyya. Ya san idan ya yi shiru, ɗaya daga biyu ne: ko sojojin da ke gadin ƙofa su sami bindigogi a bakin Harami a irin waɗannan kwanaki, ko kuma Musulmi su yi sahu su sallaci katako. Da ya hango koriyar ƙubbar masallacin sai ya sha gaban makarar ya ɗaga hannu, ya ce: “Ya jama'a, ku ajiye don Allah. Ma fi mayyit, babu mamaci a ciki, khashab ne, katako ne, ni na sassaƙa.” Ya yaye lulluɓin da kansa, jama'a suka watse da gudu.

Shekarun fargaba

An tsare shi da 'ya'yansa makonni, aka tabbatar kayan na wasa ne, aka sake su bisa lamunin Shehu Abdussamad. Daga nan wasan Burmi ya mutu, masallatai suka daina sayen makararsa, yaran unguwa suka laƙaba masa Abu Janaza, wato mai jana'iza. Abin da ya fi damunsa shi ne maganar ta shiga takardunsa, don haka duk lokacin sabunta iƙama sai ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya haɗa jaka ya ajiye bayan ƙofa, ko mota ce ta tsaya a layin sai ya miƙe tsaye. Rakiya ta ruwaito cewa yakan ce mata: “Ni ba kurkuku nake tsoro ba, Hajiya, tarhil nake tsoro, a kore ni daga ƙasar a kai ni inda ban san kowa ba a rufe ni can.”

A 1405 Shehu Abdussamad ya rasu. Magadansa suka ce masa, cikin Larabci da ladabi, ba za su iya ɗaukar nauyinsa ba. Ya zaga unguwanni daga Aziziyya har Ƙiblatain yana neman wani kafilin, kowa ya tuna da makarar ya ba shi haƙuri. A farkon 1407 aka ba shi wa'adin barin ƙasa, shi da 'ya'yansa maza da ke aiki a shagonsa.

Rasuwa

A watan Rajab 1407, daidai da Maris 1987, ya yi sallama da Manzo bayan sallar asuba, ya shiga motar Jidda tare da Sabo da Badaru. Tun da suka fita gari yake ta waiwaye. Wajen garin Musaijid ya jingina da kafaɗar Sabo, rai ya yi halinsa. Direba ya tambaya ko a ci gaba, Sabo ya ce a juya, wa'adin na masu rai ne. Aka yi masa salla a Masallacin Manzo bayan la'asar, aka rufe shi a Baƙi'a, yana da shekara sittin a lissafin Hijira.

Ya bar matarsa Rakiya da 'ya'ya huɗu: Innayatu da Saudatu, waɗanda ke aure a Madina, sai Sabo da Badaru, waɗanda aka ba su kwanakin zaman makoki sannan suka hau jirgi. Suna Kano suna aikin katako, kuma har lokacin rubuta wannan tarihi ba su sami izinin dawowa su ziyarci kabarin mahaifinsu ba. Allah Ya yi masa rahama, Ya sanyaya makwancinsa.