Ƙafar Baba da Ja-da-Yalo

Shekarar da nake aikin kammala digiri na biyu a Inugu, a gidan da mahaifina ke haya a Obiagu nake zaune. Shi dillalin shanu ne, mahautan kwata yake kai wa. Ni kuwa aikina shi ne koya wa kwamfuta tantance furotin na ƙwayoyin cuta: wanne magani ke kamawa, wanne ba ya taɓawa. Sai in loda mata waɗanda aka riga aka sani, ta yi ta nazari har ta iya hasashen waɗanda ba ta taɓa gani ba.

Baba ya ce ai haka ake koyon dillanci, sai idonka ya ƙoshi da shanu kafin ka gane mai ciwo tun daga tafiyarta. Shi dai, in ji shi, ba ya jiran a kawo wuta.

Da damina wani bijimi ya taka masa ƙafa wajen saukewa daga tirela. Maganin 'yan kara, kasuwar shanu, ɗaya ne, shi Baba ya bi: a ɓare kafso ja-da-yalo a barbaɗa garin a ciwon, a haɗiye wani, in zafi ya lafa a daina. Na yi magana har bakina ya gaji. Na ce, "Baba, ƙwayar da ba ta mutu ba sabawa take yi da maganin."

"Kai da kwamfutarka! Tun ba a haife ka ba nake shan wannan."

Na ji haushi ba kaɗan ba, amma ɗa ba ya ɗaure ubansa ya kai shi asibiti.

Sai da ƙafar ta kumbura ta fara wari, har salla ta koma a zaune, sannan ya yarda muka je asibiti. Gwaji ya nuna ƙwayar ta fi ƙarfin yawancin magungunan da aka jarraba. Na san ta sarai, furotin ɗinta na cikin kwamfutata. Likitar ta ce ko a cire yatsu biyu yanzu, ko ƙafar gaba ɗaya in aka ƙara jinkiri.

Baba ya dube ni. "To, me na'urarka ta ce?"

Wannan karon ba zolaya yake yi ba, abin da ya karya min zuciya ke nan. Na ce, "Hasashe kawai take yi, Baba, ba ta da magani. A cire yatsun."

Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Kai ka faɗa wa likitar," ya ce. "Bakina ba zai iya ba."