Safiyar da Ƙauyen Surukina Ya Yi Shiru

Na manta abubuwa da yawa a aikin tuƙin nan, har da sunayen wasu manajoji da suka zo suka wuce, amma ban taɓa mantawa da ranar da ƙauyen surukina ya rufe bakinsa saboda tsuntsu ba. Ku sababbin direbobi kuna ta ƙorafi in an haɗa ku da masu kallon tsuntsu, wai sun cika sammako, wai ba sa bari a kunna rediyo. To ku ji wannan.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, masaukin baƙi ne a Kafanchan. Akwai manaja, akwai babban direba, sai sauranmu. A lokacin ni ke bin babban direba. Dokar aikin ita ce, in baƙo zai shiga daji, direba ya fara sanar da mai unguwar wurin. Dalili kuwa, kada manomi ya hango mutum kwance cikin ciyawa da dogon baƙin abu a hannu ya zaci wani abu daban. Kun san ƙasarmu, ba sai na yi dogon bayani ba.

Farkon damina ne manaja ya kira ni ofis. Ya ce, "Danladi, akwai wani dattijo da ya sauka, tsuntsu yake nema. Kai za ka kai shi, ka fi sauran haƙuri."

Na ce, "Oga, ba haƙuri ba ne, gajiya ce."

Ya ce ko ma mene ne, in ɗauki makulli.

Sunan dattijon Malam Bulus, amma kowa Baba Tica yake ce masa. Ɗan wajen Zonkwa ne, ya koyar a makaranta har ya yi ritaya, sai 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Ingila. A can ya koyi ɗaukar hoton tsuntsaye, don ya ce zaman ɗaki ya kusa kashe shi. Ya nuna mini hotuna a waya: ga na Kenya, ga na bakin teku, ga wani tsuntsu tsaye a kan ƙanƙara ko takalmi babu. Na ce sun yi kyau, don ban san me kuma ake cewa ba.

Sai ya ce, "Ɗana, duk wannan yawon, ba ni da hoton tsuntsun gidanmu." Wanda yake nufi shi ne wanda wasu ke kira wawan kurmi, mai duhun jiki, in ya buɗe fiffike sai ka ga ja kamar garwashi. Ya ce yana yaro yakan bi mahaifiyarsa rafi wanki, tsuntsun na tsalle a kansu daga reshe zuwa reshe. Ya je garinsu nema, ya tarar kurmin ya zama gonar citta.

Yana maganar yana shan shayi, cokali na ta kaɗawa a cikin kofi. Ya ga ina kallon hannunsa. Ya ce, "Likita ya ce rawar nan ba za ta ragu ba. 'Yata ta ce in na koma, kyamara za ta shiga akwati ke nan. Jibi da rana zan kama hanyar Abuja." Ka ga safiya biyu ke gare shi, ba ta uku.

Ni kuwa na san inda tsuntsun yake, ba don ilimi ba, don ina ganinsa duk lokacin da na kai matata Rifkatu gida. Ƙauyensu na bayan garin Gidan Waya, akwai kurmi a bakin rafi. Mai unguwar kuma babanta ne, Baba Ayuba. Na buga masa waya bisa doka, na ce gobe da sassafe zan kawo babban baƙo daga Ingila ya ga kurmi. Ya ce, "Ba damuwa, mijin Rifkatu. Bar mana sauran."

Ga yadda ake aikin nan. Ana isa kafin rana ta fito. Ana ajiye mota nesa. Ba a buga ƙofa, ba a sa fararen kaya, ba a tari sai dole. A kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, a zauna kamar dutse. Haka muka shirya.

Washegari, tun daga kwanar shiga ƙauye na ga an samu matsala. Hanyar nan da na sani da ciyawa har gwiwa, an share ta fes, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Mutanen nan suna da al'ada: in babban baƙo zai zo, ko bishop ne ko ciyaman, sai a kira gayya a gyara masa duk inda zai taka. Tunda na ce kurmi baƙon zai gani, kurmi suka gyara. Sun sare duk sarƙaƙiyar da ke ƙasa, sun janye igiyoyin da suka nannaɗe itatuwa, sun tara sun cinna wuta don korar macizai. Hayaƙi bai ma gama tashi ba. A tsakiya ga benci daga majami'a, ga tebur an shimfiɗa masa ƙyalle mai fure.

Muna fitowa daga mota, 'yan Zumuntar Mata ta majami'ar suka ɓullo cikin anko, da tulunan kiɗa da kacau-kacau. Shugabarsu Mama Hannatu, wadda in ta kira jikanta ana ji a ƙauye na gaba, ta ja waƙar maraba. In akwai tsuntsun da ya kwana a wurin, to a ranar ya kai Kagarko.

Na dubi Baba Tica. Ya tsaya da kyamara a wuya, yana kallon itatuwan da aka yi wa tsirara. Sai ya miƙo mini kyamarar, ya shiga cikin matan ya taka rawa. Ya zauna a bencin, ya sha kunu, ya ci faten acca, ya sa wa kowa albarka. Ɗan ƙasa ne, ya san abin da gayya ke ci wa mutum a lokacin shuka.

Sai da muka koma mota ya cire tabarau ya dafe idonsa. Sannan ya ce, "Mu tafi, ɗana. Kada ka gaya musu komai. Sun bar gonakinsu saboda ni."

Ni ba na iya irin wannan kawaicin. Na ce zan je kewaye, na zarce wurin surukina. Na durƙusa na ce, "Baba, kun gyara, amma kun ɓata."

Ya ce, "Kai, me ka ce?"

Na ce, "Ba kurmi ya zo gani ba, tsuntsun ciki ya zo ɗauka hoto. Tsuntsun kuma duhu yake so da shiru. Kun cire masa ɗaki, kun kawo masa ganga."

"Tsuntsu? Daga Ingila ya taso saboda tsuntsu? Ai da ka faɗa, da yara sun kamo masa guda uku da danƙo."

"Ba na miya yake so ba, Baba. Mai rai, a kan reshe." Na gaya masa maganar mahaifiyar dattijon, da ta hannunsa, da cewa gobe ce ta ƙarshe.

Baba Ayuba ya cire hula ya sosa kai. Ya tashi da kansa ya je wurin mota, ya ce, "Malam, baƙo bai taɓa barin garin nan da ɓacin rai ba tun zamanin ubana. Gaya mini gaskiya, tsuntsun nan zai dawo?"

Baba Tica ya so ya kauce, surukina ya ƙi. Daga baya dattijon ya ce tsuntsun ba ya nisa da abinci, kuma ya lura da wani ɓaure a bayan majami'a da 'ya'yansa suka nuna. Wataƙila ya zo da safe. "Amma ɓauren na cikin gari, Baba Mai Unguwa. Ga ƙararrawa, ga injin niƙa, ga zakaru. A tsorace yake yanzu, ba zai sauka ba."

Surukina ya ce, "Shi ke nan abin? Ku je ku dawo gobe."

Washegari na kashe mota tun daga nesa, muka taka da ƙafa. Wallahi na zaci annoba ta faɗa wa garin. Babu ƙararrawar sujadar safe, fasto ya ce kowa ya yi addu'arsa a zuci. Mai injin niƙa ya sa kwaɗo. Babu turmi, babu rediyo. An kife zakaru cikin kwanduna an lulluɓe da buhu, samari sun ja karnuka zuwa gona. Na ga wani ɗan acaba yana tura babur ɗinsa da hannu, yana zufa, ya ɗaga mana hannu bai ce uffan ba.

Mutanen kuwa ba su iya zama a gida ba. Suna nan jere a gindin bangon majami'a, maza da mata, a zaune a ƙasa. Mama Hannatu ta cusa bakin zaninta a baki ta cije.

Muka kafa kyamara. Muka zauna. Rana ta fara leƙowa, kurciyoyi suka zo suka tafi, cilakowa ta zo ta yi surutunta. Ƙafata ta mutu. Wani jariri ya fara ƙananan kuka, uwar ta toshe shi da nono. Na dubi surukina, na ga gumi na bin wuyansa kamar shi za a yanke wa hukunci.

Can sai wani abu ja ya gifta ta saman rufin. Ya sauka a ɓauren, ya yi gudu a kan reshe kamar kurege, ya tsaya yana leƙe. Baba Tica ya kai hannu, hannun ya ƙi. Rawar ta fi ta kullum, har ƙarfen yana motsi. Ya raɗa mini, "Riƙe ni." Na kama tsintsiyar hannunsa da hannuwana biyu, na danne kamar ina riƙe sitiyari a cikin laka. Tsuntsun ya tsinki ɓaure, ya buɗe fiffike zai canja reshe. Na ji ƙyas.

Mama Hannatu ma ta ji. Zani ya faɗi daga bakinta, ta rangaɗa guɗar da ta tara tun jiya. Gari ya ɗauka. Tsuntsu ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Surukina ya miƙe yana masifa: "Hannatu, Allah ya shirye ki! Wa ya ce an gama?"

Ta ce, "Baba Mai Unguwa, na ji ya danna! In ban yi ba zan fashe!"

Baba Tica bai kula su ba, yana duba bayan kyamara. Hoto ɗaya tak ya samu. Ganye ya rufe rabin jelar, amma ga kan, ga ido, ga jan fiffiken nan a buɗe, rana ta ratsa shi. Ya kalla, ya sake kalla, sai ya ce a hankali, "Mama, ga shi." Ba da Mama Hannatu yake ba, amma ita ta amsa, "Na'am, ɗana, mu gani!" Ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa mata. Kyamarar nan mai tsada sai da ta bi hannun kowa a garin, har masu manja a yatsa, bai ce a yi hankali ba.

Da rana na kai shi Abuja. Barci ya yi tun daga Kafanchan, da kyamarar a cinyarsa.

Abin da na koya ke nan. In za ku sanar da mai unguwa, kada ku tsaya a kan wane ne zai zo. Ku faɗi abin da ya kawo shi, ku ce kada a sare, kada a share, kada a yi waƙa, ku maimaita har ya gaji da ku. Masu kallon tsuntsu kuma ku daina ce musu mahaukata. Ba ku san wa mutum yake nema a kan reshen nan ba. Mutanenmu kuwa, ban taɓa jin tsoron muguntarsu a kan baƙo ba, alherinsu ne ke buƙatar birki. Ka nuna musu abin da baƙo yake so kawai, za su ba shi, ko da shiru ne, wanda shi ne abu mafi tsada a wurinsu.