Batura Huɗu da Naman Layya

Rumfar kifin ƙanƙara ta yayana ce, tana bakin hanya kafin a kai Ƙofar Galadima. Shi ke sayarwa, shi ke hira da jama'a. Ni aikina batura ne. Guda huɗu ne, manya, baƙaƙe, masu shan ruwa, a jere kan katako a kusurwar rumfa. Farantan sola da ke kan rufi suna cika su da rana, su kuma su riƙe firiza biyu in rana ta faɗi. Filinsa na bayan ganuwa Yaya ya sayar ya sayo su, muka rabu da janareta. Ba shi da wani filin. In baturan suka mutu, rumfar ta mutu.

Ranar da aka haɗa, mai haɗawa ya nuna mini inbata, akwatin da ke tsakanin batura da firiza. Tana da ƙananan fitilu huɗu. Ya ce huɗu, batura sun cika. Biyu, sun kai rabi, a kashe komai. Batirin da aka tsotse ƙarƙaf, in ji shi, ko ya tashi ba ya komawa yadda yake. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da aka faɗa mini sau ɗaya ina riƙe shi.

Kullum in na buɗe rumfa, fitilun nake fara dubawa. Sannan in ɗora tafin hannu a jikin kowane batir in ji ko ya yi zafi. Sannan in goge kawunansu da busasshen tsumma. Ranar Asabar nake kwance murafe in leƙa ruwa. Wanda ya ja baya sai in ƙara masa tataccen ruwa na kwalba, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Bayan haka in shafa giris a mahaɗar wayoyi don kada farin garin nan ya ci su. Firiza kuwa ba a buɗe ta don kallo. Mai saye ya faɗi abin da yake so tukuna.

Yaya yakan ce, "Kai da baturan nan kamar mai jinyar uwa."

Sai in ci gaba da gogewa.

Wata shekara Babbar Sallah ta zo da damina. Kifi ba ya tafiya da Sallah, kowa nama ke gabansa, saboda haka firiza ɗaya ce da kaya, ɗayar na kashe ta na wanke. An yi yanka, an rataye raguna sun kwana. Washegari da hantsi maƙwabta suka fara zuwa da robobi da ledoji. Da can rannan ake suya a gama. Yanzu wasu sun fi son su rage ɗanye don miya, ga kuma firiza a unguwa, ta ɗan unguwa.

Yaya bai iya cewa a'a ba, balle a kan naman layya. Ya kunna firizar da na kashe, ya yi ta karɓa yana cewa Allah ya maimaita mana. Kafin azahar gida goma sha ɗaya sun kawo. Ta ƙarshe goggonmu ce, ƙanwar mahaifinmu, da ke zaune a Kusfa. Cinya biyu ta aiko.

Na ce, "Yaya, kifi a daskare yake zuwa mana, riƙewa kawai firiza ke yi. Wannan ɗanyen nama ne. Sai ta yi ta gurnani ba hutu kafin ya daskare. Dubi sama kuma."

Ya ce, "Hadari ne, zai wuce. Ka taɓa jin an kori naman layya daga ƙofa?"

Bai wuce ba. Aka wuni ana yayyafi, wutar layi kuma kwana biyar ba a kawo ba. Na ɗaura wa kowace leda ƙyalle, na rubuta gidan da ta fito da lambar zuwanta. Da yamma fitilu uku ne. Da na buɗe rumfa da safe biyu ne, ta biyun ma tana ƙyaftawa, sama kuma a rufe ruf.

Na kashe firizar nama. Ta kifi na bar ta a rufe, na lulluɓe ta da buhuna, ita ma na kashe, don kifin da ya daskare yana jure wuni in ba a buɗe shi ba. Yaya ya iso ya ji rumfa shiru.

Ya ce, "Me ya faru?"

"Batura sun kai rabi."

"Ai da sauran rabi."

"Rabin nan ba namu ba ne, nasu ne."

"To in ce wa mutane me? In ce batir ya ƙi?"

"Ka ce ni na ƙi."

Ya zauna kan benci ya cire hula ya riƙe. Bai ce in kunna ba, bai ce in bari ba. Na aro baro, na jera ledoji, na fara mayarwa gida-gida bisa lamba, na ɗaya kafin na biyu. A kowane zaure abu ɗaya nake faɗa: naman ya yi sanyi amma bai daskare ba, a soya shi yau. Wani ya yi godiya. Wani ya karɓa bai dube ni ba. Wani Alhaji ya ce ashe solar ma tana zuwa hutun Sallah.

Goggo ce ta goma sha ɗaya, sai bayan azahar na kai Kusfa. Nan na yi kuskure. Nata ne ya shiga ƙarshe, yana sama, sanyi bai ratsa shi ba, ga shi cinyoyi ne ba a daddatsa ba. Da ita ya kamata in fara. Ta buɗe leda ta sunsuna. Ɗaya lafiya, ɗayar ta fara canjawa wajen ƙashi.

Ta ce, "Ɗan nan, ni na goya ka har bayana ya yi kanta. Yau akwatuna huɗu sun fi ni?"

Na ce, "Ba su fi ki ba, Goggo."

"To ka nema musu mata mana, mu zo biki."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya shiga tukunya. Da yamma na kai mata cinyar ragona. Ta karɓa, ta ce in ajiye can.

Sai kwana na uku rana ta fito. Ban kunna komai ba sai da fitila ta uku ta kama, sannan na kunna firizar kifi. Kwali ɗaya na sama ya saki, muka raba wa gidajenmu aka ci rannan. Sauran ya tsira. Ranar Asabar na kwance murafe, na ƙara ruwa, na shafa giris. Da yamma fitilu huɗu suka cika, suka kuma kwana da ƙarfinsu kamar da.

Goggo ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da kai kawai. In ta aiko da abinci rumfa, sai a ce na Yaya ne.

Da Sallah ta zagayo, mutum na farko ya zo da robarsa. Yaya ya yi masa barka, ya nuna kusurwa da haɓa, ya ce, "Tambayi mai batir." Na leƙa sama, na duba fitilu. Na ce gida huɗu za mu karɓa, a daddatsa ƙanana, kuma na Goggo ne farko.