Fatar Tanimu Wanzami

Tanimu wanzami ya shekara talatin yana taɓa fatar mutanen Gazawa. Aski, ƙaho, kaciya, babu wanda bai iya ba. A shekarar da aka yi taron ƙasa a Yamai, tasa fatar ta juya masa baya.

Daga baki abin ya fara, gyambo ya hana shi tuwo, sai kunu mai sanyi. Bayan wata biyu bororo suka feso masa a baya da ƙirji, da an taɓa su sai su fashe, fata ta saluɓe kamar wanda wuta ta ƙona. Masu zuwa aski suka gudu, wai kada su ɗauka.

Nan kowa ya zama boka. Matarsa Lantana ta ce sammu ne. Mai shayin bakin tasha ya ce zafi ne, ya sha sabara. Ƙanensa Mumuni, shi ma wanzami, ya kafa masa ƙaho a gadon baya. Da ya cire, sai fata ta biyo ƙahon.

Tanimu ya daka masa tsawa: "Kai Mumuni! Jini na ce ka ja, ba fiɗa ba!"

Dole ya hau mota zuwa Maradi. Likita ya murza babban yatsa a inda fatar take lafiya lau, ita ma ta zame.

Likitan ya ce, "Baba, fata kamar gini ce. Ƙananan ƙwayoyi ne a jere, da wani danƙo mai riƙe su da juna. Garkuwar jikinka ce ta rikice, take cinye danƙon. Ba a ɗaukar ciwon nan wurin mutum."

"To wa ya aike ta?"

"Babu kowa."

Tanimu ya yi tsaki. Ciwon da babu mai laifi, da wa za a yi faɗa?

Aka ɗora shi kan magani kullum safe, aka ce kada ya kuskura ya yanke. Gyambo ya bushe, ya koma rumfarsa, masu zuwa aski suka dawo ɗaya-ɗaya. Sai dai maganin ya kumbura masa kumatu. Lokacin zaɓe ne, sai aka baza a kasuwa cewa Tanimu ya shiga jam'iyya, yana cin daɗi.

Ya gaji da rantsuwa. Duk wanda ya sake tambaya, sai Tanimu ya danƙi kan mutumin ya ce, "Sunkuya, aska ce a hannuna."