Karburatar 404 ɗin Baba

Jama'a, yau an so a sayar mini da kayana!

Na shiga kasuwa neman fitilar tsohuwar motar nan 404 ɗin Baba da nake tayarwa. Mai piyes, wato mai kayan gyaran mota, ya ce, "Alhaji, ga karburata orijinal."

Na juya ta. Ga ɗigon koren fenti. Duk abin da na kwance a motar nan, haka nake ɗiga masa. Tawa kuwa tana wurin Isufu makanisiyan, bakanikena, wai wanki da esans, wato fetur.

Na ce wa ya kawo ta? Mutumin ya hau gyaran rawani.

Na kira Isufu a waya. Ya ce, "Tana jiƙa a esans, yanzu ma kallonta nake."

Na ce, "Ci gaba da kallonta, Malam. Ga mu nan tafe, ni da ita."