Malam Zakariyya'u da Tsohuwar Salansar Baba Joseph

Ƙarfe bakwai na safe, kafin 'yan Keke su cika titin Makera da hon, Malam Zakariyya'u ya riga ya share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙaramin zuwa babban. Shekara arba'in da biyu ke nan haka yake yi. Ba ya taɓa sabon babur. Nasa tsofaffi ne, Honda da Besfa da roba-roba, irin waɗanda ma'aikatan Kakuri suka saya zamanin da masaƙa ke masaƙa. Abin da wani zai miƙa wa 'yan gwangwan, shi lallashinsa yake yi har ya tashi.

Da kunne yake aiki. Ya tayar da inji, ya ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ya kafa ƙotar a kunne, sai ya faɗa maka ciwon. To bana kunnen ya ja da baya, ya ce ƙarshen watan nan zai ajiye sifana.

Aikinsa na ƙarshe Faith ce ta kawo, wata nas daga unguwar Television. Hondar mahaifinta ce, Baba Joseph, tsohon hedimasta da ya makance shekara shida. Babur ɗin ya daɗe a mace a bayan gida, tsohon kuwa ya kafe cewa 'yarsa ta sayar tana ɓoye masa. An kai hannunsa ya shafa, ya ce kowane ƙarfe ma haka yake. Ya daina cin abincinta, ya daina zuwa coci.

Ta zo har da sabuwar salansa mai ƙyalli.

"Baba, a cire ruɓaɓɓiyar nan a sa wannan."

"'Yata, babanki zai ga ƙyallin?"

Ta dubi salansar da ke hannunta.

"To mayar wa masu shagon. Muryar babur a salansa take. Kika sa wannan, sai ya ce na wani kika aro."

"Amma duk ta huje fa, Baba!"

"Ni ma na huje, ga ni ina aiki."

Mako uku yana bin hujin nan ɗaya bayan ɗaya. George mai walda, maƙwabcinsa, shi ya liƙe su, shi ya ba ni labarin. Ya ce da kunne ya ƙi, sai ya ga Malam ya cije ƙotar sukudireba da haƙori yana sauraren injin ta ƙashin kai.

"Malam, yunwar har ta kai ga cin kayan aiki?"

"Yi waldarka, George. Kunne ya yi ritaya, haƙori ya karɓi ofis."

Ranar Asabar da la'asar suka tura babur ɗin tsakar gidan Baba Joseph, ba wanda ya gaya wa tsohon. Bugu biyu ya tashi. Sai ga Baba Joseph ya fito yana dafa bango.

"Wa ya taɓa mini babur?"

Ya tsaya, ya karkata kai. Can ya ce, "Shi ne. Har ɗan tarin nan da yake yi kafin ya daidaita." Ya miƙa hannu yana lalube. "Faith, ashe ba ki sayar ba. Akwai sauran tuwon nan?"

Duk tsakar gidan sun ji, ban da Malam Zakariyya'u. Sai da Faith ta matso kunnensa ta maimaita da ƙarfi, tana kuka.

Malam, kai ne likitan tsofaffin ƙarafa. Kai ne ka san ba fenti mai babur ke nema ba. Kashegari kai ka goya Baba Joseph har ƙofar coci, ka sauke shi, ka zauna a inuwa kana jiran a tashi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma masu gyaran yanzu da ba ku san komai ba sai "a canja", rumfar tana buɗe har ƙarshen wata. Ku je ku zauna kusa da shi. In za ku yi tambaya, ku ɗaga murya.