Keken Baba a Bayan Kaka

Akwai wata 'yar ƙara da keke yake yi idan an sauka ana tura shi, tik-tik-tik, a hankali. Wanda yake bisa yana tuƙi ba ya jinta, sai mai turawa da wanda ke tafe a gabansa. Shekaranjiya wani mai faci ya wuce ta ƙofar gidana yana tura keken da ya gyara, na ji ƙarar nan, sai na ajiye kofin shayina ban ƙarasa ba. Kai mai karatu, idan ka ji dattijo ya zauna yana ba da labarin keke, kada ka yi saurin cewa tsufa ne ya kama shi. Ko da yake ni dai ya kama ni ɗin.

A shekarun farko na samun 'yancin kai, Baba planto ne, wato ɗan aike, a wani biro, ofishin gwamnati, a nan Agadas. Shi ke riƙe da mabuɗi, ya buɗe ƙofa da safe, ya share, ya kai takardu duk inda aka aike shi. Biron ne ya ba shi keken, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya, kuma duk lungunmu babu mai irinsa. Ni a lokacin an sa ni lekol, wato makarantar boko, lekol ɗin kuwa a kan hanyarsa take, don haka kullum da safe a kan sandar keken nake zama a gabansa. Sandar tana cin gindina, amma ko a fuska ban taɓa nunawa ba, saboda yaran lungu suna kallo.

Gidanmu a can ƙuryar lungu yake, ƙofarsa ɗaya, hanyar fita ɗaya. Lungun dogo ne mai lanƙwasa, katangun laka dama da hagu, ga ƙunci. Idan jaki ya shigo da kayan itace sai kowa ya nemi zauren da zai fake. Da safe ƙamshin hayaƙi da na gasarar koko ne ke cika shi, rana ba ta leƙowa ciki sai ta ɗaga sosai.

A cikin wannan lungu Baba yake da dokokinsa na tuƙi, waɗanda babu wanda ya rubuta masa. Ƙararrawa a wurinsa ta awaki ce da yara. Idan sa'ansa ne a gaba, sai ya yi gyaran murya ya tsokane shi ya wuce. Idan mace ce da tulu a ka, tun daga nesa yake cewa gafara dai, ya jira sai ta ji ta tsaya da kanta, don kada ta firgita ruwa ya zube. Dattijo kuwa sauka yake yi, ya gaishe shi, ya tura keken har sai ya ba shi tazara sannan ya hau. Ya ce mai raƙumi ma yana rage tafiya idan ya iske mutane, balle shi da yake bisa ƙarfen da ba nasa ba. Da wannan ya zauna lafiya da kowa. Mutum ɗaya ce dokokin nan ba su yi mata tanadi ba.

Kaka ke nan, mahaifiyar Inna, wadda gidanta yake tsakiyar lungun. Tana da wa makaho a can wajen kasuwar raƙuma, matarsa ta rasu, kuma ita ta ɗora wa kanta kai masa kunu kowace safiya. Ƙwarya a ka, hannu ɗaya yana dafa katanga, gwiwarta ɗaya ba ta da lafiya. Tafiyarta tafiyar hawainiya ce.

'Yan yanzu sai an yi musu bayanin abin da ke tsakanin mutum da surukarsa a wancan zamani. Baba bai taɓa ambaton sunan Kaka ba, bai taɓa cin abinci a inda za ta gan shi ba, ban ma tabbata ya san kamannin fuskarta da kyau ba. Idan suka yi kiciɓis, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa, ido a ƙasa, ita kuma ta kau da kai ta amsa gaisuwar kamar da katanga take magana. To ka gaya mini, mutumin da yake haka, ya iske ta a gabansa cikin lungun da mutum biyu ba sa jerawa, yaya zai yi? Ba ya kaɗa mata ƙararrawa. Ba ya ɗaga murya ya ce ta kauce. Ba ya raɓa ta ya wuce ya ba ta baya.

Sai ya sauka, ya bar ni a kan sanda, ya riƙa turawa a bayanta daga nesa. Ita kuma tana jin ƙarar nan sarai, amma ba za ta waiwaya ba, don in ta waiwaya ta gan shi ke nan, dole ya jingine keke ya durƙusa. Sai ta yi ƙoƙarin ƙara sauri, kunun ya riƙa tangal-tangal a ƙwarya. Haka za mu yi ta jerin gwano, tsohuwa a gaba, planto a baya, ni a sama kamar kayan da aka rasa mai shi, har mu fita bakin lungu inda hanya ta rabu.

Baba ya gwada sammako. Kwana biyu abin ya yi, a na uku muka sake iske ta, domin ita ma ta fara sammako don ta kauce masa. Ya ƙara, ta ƙara. Kowa yana gudun ya takura wa ɗan'uwansa, kuma kullum a wuri guda suke haɗuwa. Matan lungu har leƙe suke yi ta zaure suna ƙunshe dariya.

A biro kuwa babu mai dariya. Bayan tafiyar Nasara an kawo sabon shef, wato shugaban biron, daga kudu, matashi mai agogo a hannu, wanda yake son nuna cewa baƙar fata ma sun iya riƙe lokaci. Ba mugu ba ne, na fahimci haka daga baya. Amma ya gaji da iske ƙofa a kulle. Wata rana da la'asar Baba ya dawo bai ko taɓa abinci ba, na ji yana gaya wa Inna a hankali cewa shef ya ce in ya sake makara, mabuɗi da keke za su koma hannun wani. Aikin nan shi ne tuwonmu, shi ne rigar lekol ɗina. Inna 'yar fari ce a wurin Kaka, ita ma akwai kunya tsakaninsu, kuma Baba ya ce ko da wasa kada maganar ta je can.

Washegari muka iske Kaka a inda muka saba. Na gyara zama ina jiran Baba ya sauka, sai na ji bai sauka ba. Ya dai rage gudu har keken yana layi. Sannan ya sunkuyo daidai kunnena.

"Yi wa matarka magana," in ji shi.

Ka san wasan kaka da jika. Ni ne angonta, ita ce amaryata mai furfura, kuma babu abin da ban isa in faɗa mata ba. Abin da zai zama rashin kunya a bakin Baba, a bakina wasa ne. Na buɗe maƙogwaro.

"Tsohuwa, gafara! Angonki zai wuce!"

Ta tsaya cak. Ba ta rama ba, ita da ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba. Ta sauke ƙwaryar ta rungume a ƙirji, ta juya ta manna fuskarta da katanga, ta matse jikinta iyakar iyawarta. Muka wuce har gefen rigar Baba yana shafar zanenta. Ina jin numfashinsa a kaina. Ni kuwa dariya nake yi. Ran nan mun riga shef isa.

Daga nan abin ya zama na kullum. Kuma gaskiya ɗaya ce, na ji daɗinsa ƙwarai. Har ƙari nake yi, yau in ce amarya ta tsufa a hanya, gobe in ce a kauce ga motar gwamna. Babu wanda ya tsawata mini, don ba a raba jika da kakarsa. Amma matan lungu sun daina leƙe. Duk mai hankali ya san bakin nawa ne, maganar ba tawa ba ce. Kaka ma ta sani. Har ta kai tun kafin in yi kira, da ta ji mu tafe sai ta juya ga katanga ta jira. Wannan juyawar ce har yau ba na son tunawa, tsohuwa da ƙwaryar kunu tana ba mu hanya kamar mai laifi.

Da sanyi ya shigo, irin sanyin Abzin mai fasa leɓe, sai wata safiya muka iske lungu fayau. Washegari ma haka. Muka riƙa fita kamar an harba kibiya, iska tana sa ni hawaye, ina ihun murna. Baba bai tambayi kowa ba. A gidanmu kowa ya ɗauki shiru ya yafa, domin kowa ya samu sauƙi.

Wata Alhamis, ranar da babu lekol, na tafi gidan Kaka shan fura. Tana dama ta da cuku da dabino, ba ta da na biyu a lungun. Na iske ta zaune a rana ta miƙe ƙafafu, ga kaskon man shanu a gefe. Dugaduganta duk sun tsage, wani fason har da jini. Na tambaye ta ko ta daina kai wa wanta kunu ne.

"In na daina, kai za ka shayar da shi?" ta ce.

Ashe ta roƙi maƙwabciyarta ne tana bi ta ƙofar bayan gidansu, ta fita bayan gari inda ake durƙusar da raƙuma, ta kewaya ta cikin tsakuwa da ƙaya. Hanyar ta ninka ta lungu, babu katangar dafawa, babu abin da ke tare iska. Kunun yakan huce kafin ta isa, sai ta sake hura wuta a can.

Ta ci gaba da shafa mai, sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ango, mai keken nan yana isa wurin aiki da wuri yanzu?"

Na ce yana isa, har yana riga shef.

"To madalla. Miƙo mini allurar can, akwai wata ƙaya da ta ƙi hita."

Ni na cire mata ƙayar, don idona ya fi nata. Na sha furata, na fita wasa. Yaro ne ni, kafin azahar maganar ta bar kaina, ban kai ta gida ba. Haka Kaka ta ci gaba da kewaye, sanyi da zafi, har Allah ya karɓi ran wan nata. Bayan nan gwiwar ba ta ƙara barinta ta yi nisa ba, kuma ba ta daɗe sosai ba ita ma ta bi shi. Baba ya riƙe mabuɗinsa har tsufa. Da aikin nan na yi karatu, da shi ƙannena suka yi, kuma duk abin da na zama, ta kan dugadugan tsohuwar nan na bi na zama shi.

Yanzu lungun yana nan, bai ƙara faɗi ba, amma 'yan kabu-kabu ne ke ratsa shi da oda, babba da yaro kowa ya san yadda zai manne da katanga. Mijin 'yata kuwa a mota yake zuwa ya ɗauki matata ya kai ta asibiti, suna tafe suna hira har da dariya. Abokaina suna cewa kunya ta ƙare a duniya. Nakan gyaɗa kai don a zauna lafiya, amma a raina ban san wanne zan yi wa kuka ba. Kunyar nan na ga kyanta, na kuma ga mutum biyu masu ganin girman juna sun kasa yin magana guda wadda da ta wadatar. Da ya ce ta riƙa jinkirtawa kaɗan, ko ita ta ce ya wuce abinsa, da shi ke nan.

Baba bai ga wannan zamanin ba. A shekararsa ta ƙarshe, yana kwance a zaure, ni kuma na riga na yi furfurar fari, wata rana da hantsi ya kira ni. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce ashe ya san da kewayen da take yi tun makon farko, wani mai raƙuma ne ya gaya masa. Ya sani, kuma kullum ya hau kekensa.

"Kai kana zuwa wurinta," ya ce. "Ta taɓa cewa wani abu a kaina?"

Na gaya masa tambayar da ta yi mini, da amsar da na bayar, da madallar da ta ce. Na ɗauka zai ji sanyi a ransa. Sai na ga ya juya fuska, hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne.

"Da zagina ta yi," ya ce, "da tuni na warke."